Haladu Direba da Aksul ɗin Motar Ya Kellumi

A Jimeta aka haifi Haladu, a wani lungu bayan tsohuwar kasuwa, wajen shekara ta 1934. Kakansa mutumin Wudil ne. Fataucin fata ya kawo shi Adamawa, ya tarar da abinci da araha, ya aika aka kawo masa iyalinsa. Mahaifin Haladu, Malam Lado, tela ne, ya so ɗansa ya gaji keken ɗinki, amma Haladu keken hawa ya fi so. Yana da shekara goma sha biyar ya kama gyaran kekuna a gindin wani dogonyaro kusa da tashar mota.

Boko bai yi ba. Da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya fito da karatun Hausa da lissafi daidai gwargwado. Amma tun kafin nan ya iya ƙirga haƙoran ƙarfe. Masu keke iri biyu ne suke zuwa wurinsa. Akwai malaman ofis masu fita shan iska da yamma, su firiwil ƙarami suke so a ƙafar baya, mai haƙori sha takwas, a taka sau ɗaya keke ya yi nisa. Akwai kuma masu kai kananzir da gishiri ƙauye, tin biyu a baya, buhu a tsakiya. Waɗannan yakan sa musu mai haƙori ashirin da biyu. Za su yi ta taka feda kamar masaƙa, kowa ya wuce su a hanya, amma in an zo tudu ba sa sauka su tura.

Tuƙi a wurin wani direban tifa ya koya, ya samu lasin a watan da aka samu mulkin kai. Shekara bakwai yana yi wa wani ɗan kwangila jigilar tsakuwa da yashi, ko akuya bai taɓa bugewa ba. A cikin shekarun nan ya auri Baraka, 'yar wani mai sayar da goro, suka fara tara 'ya'ya. Da yaƙin basasa ya zo kayan gyara suka yi wuya, aka ɗora tifar a kan duwatsu, ɗan kwangilar ya koma garinsu. Haladu ya koma gindin dogonyaronsa. Shekara biyar yana facin tayar keke da rani, da damina yana noman dawa a gonar aro a Namtari, mutane kuma ba su daina ce masa Direba ba. Sunan nan a bakin mai kawo faci yana yi masa ciwo, ko da yake ban da Baraka bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ya Kellumi ce ta mayar da shi kan sitiyari. Babarbariya ce, ta zo Jimeta tare da mijinta, malamin allo, bayan rasuwarsa ta ci gaba da cinikin kanwa har ta tsaya da ƙafafunta. Da kaka takan sayi gyaɗa a kasuwannin Girei da Song, hayin kogi, ta kawo wa masu awo a Jimeta. A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, 1972, ta gaji da jiran motocin haya, ta sayi wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Amurka, mai fulogi shida da giya uku a jikin sitiyari. 'Yan mishan ne suka shigo da ita, daga baya ta faɗa hannun wani ɗan kwangila, daga shi sai Ya Kellumi. Ta sa mai walda ya haɗa mata tirela mai ƙafa biyu, ta yi lissafinta: buhu takwas a bayan mota, sha huɗu a tirela. Kafin ta ɗauki direba sai da ta tambayi mutum uku, kowannensu ya ce mata Haladu ba ya gudu, ba ya shan komai, ba ya ɗaukar fasinja a ɓoye.

A lokacin babu gada a kan Binuwai. Duk motar da za ta haye sai ta shiga jirgin fito. Da damina sauka ba ta da wuya, don ruwa yana cika har kusa da titi. Amma da rani, in ruwa ya janye, sai jirgin ya sauke mota can ƙasa, a bar ta da hawa mai kamar taku ɗari: yashi tukuna, sannan jar ƙasa, ga kwana a tsakiya. Ba kuma wurin ɗauko gudu. Daga tsaye ake tashi.

A nan motar ta fara tona wa Haladu asiri. A kan miƙaƙƙen titi ba ta da na biyu, tana tafiya injin yana gunaguni a hankali kamar bai san ana aiki ba. Amma in ya sauko daga jirgi da buhu ashirin da biyu, ya sa giya ta ɗaya ya saki kuloci, sai injin ya shaƙe, ya nemi mutuwa. Dole ya riƙe kuloci rabi da rabi, ya danna totur, mota tana ihu tana rarrafe, 'yan dako suna turawa, wari yana tashi kamar ana babbakar fata. Kulocin farko a watan Disamba ya ƙone. Na biyu a Fabrairu, shi ne kuma ya fi muni, don a kan kwanar ya saki, motar ta zame baya, tirela ta karkace har ƙafarta ɗaya ta taɓa ruwa. A ka aka kwashe buhunan, a gaban direbobi fiye da goma da ke jiran layi. Kafin la'asar labari ya isa tasha, an kuma laƙaba masa sabon suna, Ci-kuloci.

Aka jawo motar zuwa ƙofar gidan Ya Kellumi. Haladu ya gaya mata a ganinsa ba ƙafarsa ba ce, aksul ɗin baya ne, mai juya ƙafafun baya, bai dace da jan kaya ba. Ba ta yi masa gardama ba. Ta aika aka kira Hamajoɗa, bakaniken da manyan gari ke kai wa motocinsu. Ya buɗe murfin tukunyar da ke tsakiyar aksul, ya ƙirga haƙoran babban faranti, wanda bakanikai ke kira kuraun, ya samu arba'in da ɗaya. A jikin murfin kuma akwai wani ɗan gwangwani da kamfani ya buga wa lamba: 41 da 9, wato haƙoran kuraun da na ƙaramin ƙarfen da ke juya shi. Ya ce wannan shi ne aksul na kaya, ba a taɓa shi ba, magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa direban tifa ya saba da nauyin ƙafa, ƙaramar mota ba za ta jure masa ba.

Ya Kellumi tana da ɗan wa, Aji, wanda ya dawo daga soja da lasin a aljihu, yana zaune a zaurenta ba aikin fari. Ta kira Haladu ta gaya masa ba tare da ɗaga murya ba. Ta aika Jos an sayo kuloci na uku, zai iso ranar Juma'a, amma ba don ƙafarsa ta saya ba. Ranar da aka ɗaura shi, Aji zai karɓi makulli.

Haladu ya san abin da wannan ke nufi. Direban da aka kora don ƙona kuloci, ba mai mota a Jimeta ko Yola da zai sake ba shi makulli. Yana da shekara kusan arba'in da 'ya'ya biyar. In ya koma facin keke wannan karon, ya koma ke nan.

Abin da ya sa bai karaya ba, akwai wani abu da ya daɗe yana lura da shi. A hanyar Song akwai duwatsun mil a gefen titi. Tun tafiyarsa ta farko ya ga duk sa'ad da ya wuce dutse goma, agogon motar mil takwas da ɗan kai yake nunawa. Ya ɗauka tsufa ne. Yanzu da ya zauna ya yi tunani, sai ya tuna agogon nan ba taya yake ƙirgawa ba, juyin furofela yake ƙirgawa, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa aksul. In agogo yana rage mil, furofela ce ke juyawa ƙasa da yadda aka ƙera motar. Wani ya sa wa keken kananzir firiwil ɗin malaman ofis.

Ranar Talata ya tafi wurin Zadok. Mutumin Numan ne, ya yi shekara goma sha biyu a garejin mishan kafin ya buɗe nasa, kuma bayan rumfarsa akwai gawar motocin Amurka guda huɗu, kaji suna ƙwai a ciki. Ya saurari Haladu yana wanke wani kafireto a cikin kwano. Da ya ji maganar duwatsun mil sai ya ajiye kwanon.

“Direba, kai ka ƙirga da kanka, ko a tasha ka ji?”

“Sau shida na ƙirga, zuwa da dawowa.”

“To gwangwanin nan ƙarya yake yi. Gwangwani ba ya jan mota. Kowa na iya kwance shi ya mayar.”

Ya ce masa ba sai an wargaza komai ba, jak biyu da ɗan guntun alli sun isa, ko kuloci ba a bukata. Abin da ya rage mai mota ta yarda.

Washegari da hantsi Haladu ya yi sallama a gidan Ya Kellumi, ya durƙusa ya gaishe ta. Tana tsakar gida tana duba wani buhun kanwa. Ya ce rabin awa kawai yake roƙo. Za a ɗaga ƙafafun baya, a juya su sau ɗaya cif, a ƙirga sau nawa furofela za ta juya. In lambar da Hamajoɗa ya karanta gaskiya ce, za ta juya sau huɗu da rabi da ɗan kai. In ta kai haka, shi da hannunsa zai miƙa wa Aji makulli, ba sai an jira Juma'a ba.

Ta dube shi ta ce, “Wa zai ƙirga?”

“Ke za ki ƙirga, Ya Kellumi.”

Abin ya yi mata daɗi, ko da yake ba ta nuna ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gefen motar, ta zauna ta gyara mayafi, ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashi. Zadok ya sa weji a ƙafafun gaba, ya ɗaga na baya, ya mayar da giya firi, ya ja layi da alli a jikin furofela da jikin kowace taya. Ya ce dole tayoyin biyu su juya tare, in ɗaya ta riga ɗaya lissafi ya ɓaci, don haka ana bukatar mutum biyu. Ya Kellumi ta kira Aji.

Aji ya fito yana gyara hula. Ya ce shi a soja bai taɓa ganin an yi wa mota duba da alli ba, sai ka ce bokaye, ya kuma tambayi Haladu ko a kawo masa farin zakara. Haladu ya ce zakara ba ya juya taya, ya kama waccan. Suka durƙusa, ɗaya dama ɗaya hagu, Zadok yana ba su murya kamar masu tuƙin kwalekwale. Karon farko Aji ya yi sauri, aka sake. Karo na biyu suka tafi tare. Ya Kellumi tana ƙirgawa da Barebarci a ƙasan maƙoshi, tana lanƙwasa yatsa duk sa'ad da farin layin ya zagayo. Da layin tayoyin ya dawo inda ya tashi, yatsunta uku ne a lanƙwashe, layin furofela kuma bai ƙarasa zagaye na huɗu ba.

Ta ce a sake. Aka sake, aka kuma sake. Uku da kashi uku cikin huɗu.

“Goggo, ai ɗan bambancin nan ba komai ba ne,” in ji Aji.

“In na aike ka da buhu huɗu da rabi ka kawo mini uku da wani abu, ba komai ba ne?”

Ta ba Zadok izini ya kwance. Da ya zaro ƙaramin ƙarfen da ke juya kuraun, wanda ake kira finiyon, ya miƙa mata ta ƙirga da kanta. Haƙori sha ɗaya ne, ba tara ba. Hamajoɗa bai yi ƙarya ba. Kuraun ɗin arba'in da ɗaya ne kamar yadda ya faɗa, amma finiyon yana can ƙurya, ba a ganinsa sosai sai an zaro, shi kuma ya ga lambar kamfani ya gamsu. Daga baya aka ji yadda aka yi. Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, kowace takarda sai an kai ta Maiduguri, ɗan kwangilar da ya riƙe motar kafin Ya Kellumi kuma kusan kowane mako yana kan hanya da mota ba kaya. Shi ya sa aka canja masa haƙoran da na gudu, wanda ya yi aikin ya mayar da murfi da gwangwaninsa yadda ya same su.

Wanke kai daban, riƙe makulli daban. Yanzu sai a zaɓi abin da za a sa, kuma zaɓi ɗaya ne. Zadok ya yarda a yi musaya, ya karɓi na gudun ya ba da ɗaya daga cikin nasa, don yana da mai jiran irinsa, wani mai jigilar ma'aikata zuwa Maiduguri. Da zarar ya fita daga hannu ba zai dawo ba. Da yamma ya kawo kuraun uku, kowanne da finiyonsa ɗaure da waya, don ba a raba su, tare suka ci juna. Ya jera su a kan buhu a ƙofar gida. Na farko talatin da bakwai da tara, furofela za ta juya sau huɗu da ɗan kai. Na biyu arba'in da ɗaya da tara, huɗu da rabi, irin wanda motar ta zo da shi, amma ya sha aiki, haƙoransa sun yi sheƙi. Na uku talatin da shida da bakwai, sau biyar da ɗan kai, kusan sabo.

Aji ya ce a ɗauki na farko, kada a mayar da motar Goggo jaki. Zadok ya fi karkata ga na uku, ya ce da shi ko jirgin fiton aka ɗaura mata za ta ja, ga shi kuma bai ci ba. Ya Kellumi ta ce a yi mata bayani da Hausa, ba da lamba ba. Haladu ya ce mata kamar mace ce ta ɗebo ruwa a kogi za ta hau gaɓa. In ta yi dogon taku tulu zai rinjaye ta. In ta yi gajere za ta hau lafiya. In kuma takun ya cika gajarta, rana za ta faɗi ba ta isa gida ba.

Ta ce ta gane, ta ɗebi ruwa a rayuwarta fiye da yadda ya tuƙa mota. Sannan ta gindaya sharaɗinta. Shi zai zaɓa. Ranar kasuwar Song mai zuwa zai tafi, Aji yana gefensa a matsayin idonta. In ya isa bayan dillalan wasu sun kwashe gyaɗa, ya faɗi. In ya dawo da buhu ashirin da biyu motar ta tsaya a hawan fito, ko aka sa mata hannu, ya faɗi.

Haladu ya tsuguna gaban buhun bai yi gaggawa ba. Na farko bai daɗe a kansa ba. Ƙarin ƙarfin da zai bayar bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, shi kuwa ya san da ƙafarsa abin da motar ta rasa a kan kwanar nan ya fi haka. Ga shi kuma an sa mata tayoyi masu tsayi saboda yashi, tsayin taya kuma yana cin ƙarfi. Na ukun ne ya tsayar da shi. Hawan fito da shi wasa ne, ba kuma wanda zai sake kiransa Ci-kuloci. Amma hawan taku ɗari ne, hanyar Song kuwa kusan mil hamsin ce, jar ƙasa mai gargada. Duk direban da ya san ta ya san in ba ka kai gudun mil arba'in ba, gargadar za ta kwance maka kowane noti. Da na ukun, kafin a kai arba'in injin zai yi ta kururuwa awa biyu cikin zafin Maris, lagireto ya tafasa, mai ya ƙare a banza. Zai tsira a bakin kogi ya mutu a hanya.

Ya ɗauki na biyun, ya goge shi da tsumma, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, duka arba'in da ɗaya, sannan taran. Sheƙi ne kawai, ba tsaga, ba ɓalli, ba kaifi a baki. Ya ce wannan.

Zadok ya ce, “Ka bar sabo ka ɗauki tsoho, Direba. Kada gobe ka ce ni na cuce ka.”

“Waɗanda suka ƙera ta da shi suka aiko ta. Ba su san Song ba, amma sun san nauyinta.”

Kwana biyu Zadok ya yi yana ɗaurawa. Yakan shafa jan fenti a haƙoran, ya juya, ya duba inda suka taɓa juna, ya kwance, ya yanko siririn gwangwani ya ƙara a baya, ya sake. Ranar Juma'a kulocin Jos ya iso, aka sa shi. Baraka ta tambayi mijinta ko ta fara neman wanda zai ba su aron gonar bana. Ya ce ta bari tukuna.

Ranar kasuwa da jirgin farko suka haye. Da suka hau jar ƙasa Haladu ya sa giya ta uku ya tsayar da allura a kan arba'in da biyu. Muryar injin ta fi da ƙarfi, amma ba ta wahala ba ce, allurar zafi kuma ba ta wuce tsakiya ba. Bayan Girei wata Fijo ta wuce su, direbanta ya leƙo ya tambaya ko jana'iza suke rakiya. Aji ya ji haushi ya ce da na farkon aka sa da ba a yi musu haka ba. Haladu kuwa duwatsun mil yake kallo. Dutse goma, agogo ya nuna goma. Sun isa Song masu gyaɗa suna cikin sauke jakuna, dillalin Ya Kellumi ma bai gama karyawa ba.

Da la'asar sakaliya suka iso bakin kogi da lodinsu cif. A cikin jirgi Aji yana ta duban hawan da ke matsowa. Can ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, in Haladu yana so a sauke buhu huɗu a bar wa 'yan dako, shi ba zai faɗa wa Goggo ba. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ya ga inda ƙafar tirela ta bar sawu a bakin ruwa wancan karon, kuma bai iya iyo ba. Haladu ya yi masa godiya, ya ce in yana so ya sauka ya hau da ƙafa. Aji ya ce an aiko shi ya gani, daga ciki zai gani.

Direbobin da ke jiran layi sun san motar, suka taso suka tsaya a gefe. 'Yan dako suka matso bayanta suna naɗe hannun riga, Haladu ya leƙo ya ce kowa ya ja da baya. Aka sauke bakin jirgi. Ya yi bismilla, ya sa giya ta ɗaya, ya ɗaga ƙafa a hankali. Motar ta ɗan tsuguna, ƙarfen tirela ya yi ƙara, tayoyin suka kama yashi. Kafin ta yi tsawon kanta biyu ya ɗauke ƙafarsa daga kan kuloci gaba ɗaya, ya ajiye ta a ƙasa. Ta fita daga yashi ta hau jar ƙasa. A kan kwanar muryar injin ta sauka, ta ƙara sauka, Aji ya kama ƙofa. Haladu bai taɓa kuloci ba, ya ƙara danna totur kaɗan, ya buɗe kwanar don tirela ta samu wuri. Injin ya riƙe muryarsa a nan, bai ƙara sauka ba. Suka fito kan titi da gudun da bai fi na mai tafiya da sauri ba.

Ba wanda ya yi tafi. Wani tsohon direban babbar motar roka dai ya biyo su da ƙafa har inda suka tsaya duba igiyoyi, ya sunkuya ya shinshina ƙarƙashin motar, ya miƙe ya tambayi Haladu wa ya yi masa aikin.

Ya Kellumi tana zaure suka iso. Ta sa aka sauke buhunan a gabanta, sannan ta dubi ɗan wanta. Aji ya ce sun isa da wuri, motar ta hau ba wanda ya taɓa ta, sai dai gudu kam ta rage, ko mai Fijo ya yi musu dariya. Ta ce mai Fijo buhu nawa ya ɗauko. Aji ya ce mutane ya ɗauko. Ta ce to.

Al'adar gidan, in an gama aikin yini direba yakan ajiye makulli a wurinta, da safe ya zo ya karɓa. Haladu ya ciro shi daga aljihu, ya durƙusa ya miƙa. Ba ta karɓa ba. Ta ce jibi akwai kanwa da za a kai Numan, da sassafe za a tashi, ita kuma ba ta son a riƙa buga mata ƙofa tana lazimi. Ya tafi da shi gida, ya kuma riƙa zuwa da shi.

Aji bai daɗe ba ya samu aikin tuƙi a wata ma'aikata a Maiduguri, inda ake son mai sauri. Haladu kuwa shekara tara ya yi a kan motar nan, kulocin Jos ya yi masa huɗu daga ciki.